WordPress Ya Kamata Mu Ɗauka

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, tun da aka fara maganar sa mujallarmu a intanet, gardama ta tsaya kan manhajoji uku: Drupal, Joomla da WordPress. Dukansu kyauta ne, watau kowa yana iya ɗauka, ya duba cikinsu, ya gyara. To, tun da ba kuɗi a ciki, me za mu duba?

Ni a ganina, mai riƙon aikin. Drupal, wadda Dries Buytaert ya fitar a 2001, ƙaƙƙarfa ce ƙwarai, amma sai gwani. In ɗan aji shida ya iya ta bana, baɗi ya gama ya tafi, wa zai ci gaba? Joomla ta 2005 tsaka-tsaki ce. WordPress kuwa, da ta fito a 2003, ko ɗan aji ɗaya zai koyi sa labari da hoto cikin yini guda, kuma masu amfani da ita sun fi yawa nesa, ba za mu rasa mai koya mana ba.

Aibinta dai, ɓarayin intanet suna yawan kai mata hari, galibi ta ƙananan manhajojin da ake liƙa mata. Sai mu taƙaita waɗannan, kuma malami ɗaya ya riƙa sabunta ta.