Kasuwar cikin waya: Shagon da aka gina a filin aro

Duk wanda ya shiga Kasuwar Kantin Kwari da hantsi a 'yan shekarun nan zai ga abin da babu shi a da. Yaron shago ya baje turmin atamfa a kan benci, ya ɗaga waya ya ɗauki hoto, ya koma kan leshi, ya koma kan shadda. Kafin azahar hotunan nan sun hau sitatus ɗin WhatsApp na matan da ke Gombe da Minna da Abuja, waɗanda wasunsu ba su taɓa taka kasuwar ba, kowace ta ɗora ribarta a kai. Mai so ta tura kuɗi, alat ya shigo, a ƙulle kaya a leda, a rubuta lambar waya a jiki, mai adaidaita sahu ya kai tashar Unguwa Uku ko Na'ibawa, direba ya karɓi ladansa. Washegari kaya na hannun mai su.

Ba haka aka yi hasashen kasuwancin intanet zai kasance ba. Lokacin da Jumia da Konga suka buɗe a Legas a 2012, abin da aka zata shi ne manyan kamfanoni masu rumbunan ajiya da motocin kai kaya za su haɗiye ƙananan 'yan kasuwa, kamar yadda Amazon ta yi a Amurka. A Arewa dai hakan bai faru ba, kuma dalilan a fili suke. Gidaje da yawa ba su da lambar da ɗan aike zai bi, sai kwatance. Mai saye na son ya yi tayi, ya ji an ce albarka, ya ƙara, a sallama. Yana kuma son ya san wanda zai kama idan kaya suka zo ba yadda ya gani ba. Shafin kamfani ba ya tayi, ba ya ba da bashi zuwa ƙarshen wata. WhatsApp kuwa ya zo ya tarar da tsohon tsari a shirye: dillaliya mai shiga gida-gida da ƙunshin kaya, da matar kulle mai sana'a da ke ɗora wa yara talla. Wayar ta karɓi aikin dillaliya da na 'yar talla, ta kuma faɗaɗa unguwar har ta kai wata jiha.

Ribar da aka samu ba ƙarama ba ce. Mace mai haɗa turaren wuta a Maiduguri ko mai yin kilishi da dambun nama a Kano na iya sayarwa a Fatakwal ba tare da ta biya kuɗin haya ko na kamu ba. Matashin da ba shi da jari na iya zama dillali da hoton kayan wani. Sai dai abin da ya kamata 'yan kasuwa su tsaya su duba shi ne, wannan shagon da ke cikin waya a filin wani aka gina shi, kuma mai filin bai yi wa kowa alƙawarin komai ba.

A ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya a duniya na kusan awa shida, saboda wani kuskure da aka yi a cikin kamfanin da kansa. A Nijeriya da yamma abin ya faru, mutane suka yi ta kashe waya suna kunnawa, suna zagin kamfanin layinsu, wanda a ranar ba shi da laifi. Awa shida ba wani abu ba ne. Amma a watan Mayun 2025 an ji barazanar da ta fi wannan, lokacin da ta bayyana cewa kamfanin Meta, mai waɗannan manhajoji uku, ya shaida wa kotu cewa zai iya rufe Facebook da Instagram a Nijeriya saboda tarar da aka ci shi. Tushen rigimar shi ne tarar Dala miliyan 220 da Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayayya, FCCPC, ta yanka masa a watan Yulin 2024 bisa yadda yake sarrafa bayanan 'yan Nijeriya, tarar da kotun musamman ta tabbatar a Afrilun 2025. Idan aka haɗa da ta Hukumar Kare Bayanai da ta hukumar kula da tallace-tallace, kuɗin ya doshi Dala miliyan 290.

A ganina hukumar tana da hujja. Babu dalilin da zai sa kamfani ya bai wa Bature zaɓi kan bayanansa, ya hana ɗan Nijeriya. Kuma da wuya Meta ya juya wa kasuwa mai mutane fiye da miliyan 200 baya. Ba a rufe komai ba har yau. Amma a duk tsawon wannan ja-in-ja, tsakanin lauyoyin kamfani da na gwamnati, ba a ji muryar mai sayar da abaya a Instagram ba, alhali ita ce za ta wayi gari ba shago. Babu ƙungiyar da ta tsaya mata, don a takarda ma ba a san da ita ba.

Gwamnati ma ta taɓa nuna cewa tana iya jan ƙofar da kanta. A watan Yunin 2021 aka dakatar da Twitter bayan ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairu, 2022, fiye da wata bakwai ke nan. Daga baya Kotun ECOWAS ta ce dakatarwar ta saɓa wa doka. Twitter ba shi ne kasuwar talaka a Arewa ba, shi ya sa da yawa ba su ji a jikinsu ba. Wanda aka ji shi ne na watan Satumbar 2021, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanoni su katse sabis a Jihar Zamfara don yaƙi da 'yan bindiga, matakin da ya bazu zuwa wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Na'urorin POS suka mutu, tura kuɗi ya tsaya, mutane suka riƙa hawa mota zuwa wani gari don kawai su yi waya ko su ciri kuɗi. An yi makonni, a wasu wuraren watanni. 'Yan bindigar ba su ƙare ba, kuma ba a ji an biya wani ɗan kasuwa diyyar asararsa ba.

Abin da waɗannan matakai biyu suka nuna shi ne yadda hukuma ke kallon intanet. Idan ta dube ta, lasifikar 'yan adawa take gani, ko hanyar masu laifi, ko kuma wurin karɓar haraji. Ba ta cika ganin ta a matsayin titin da kaya ke bi ba. Gwamnan da ba zai taɓa rufe hanyar Kano zuwa Zariya na wata biyu ba tare da ya yi wa jama'a bayani ba, yana iya neman a rufe sabis da wasiƙa ɗaya.

Ko babu hannun kowa, titin kansa mai rauni ne. A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna suka kasa aiki yadda ya kamata na kwanaki. A kan tudu kuwa masu aikin hanya na tsinka wayar kullum, ɓarayi na sace batura da man dizal a turakun sabis. Sai kuma tsada: a Janairun 2025 NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data, ƙari na farko cikin fiye da shekara goma. Kamfanonin na da uzurinsu, domin dizal da Dala sun tashi. Amma data ita ce kuɗin hayar mai shagon waya, musamman yanzu da kasuwa ta karkata zuwa bidiyo a TikTok, wanda ke cin data ninkin-ba-ninkin abin da hoto ke ci.

Batun biyan kuɗi ya fi daɗin labari, ko da yake ta hanyar wahala aka iso. Ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, bayan sauya fasalin kuɗi da Babban Banki ya yi a zamanin Godwin Emefiele, shi ne ya tilasta wa mai shayi da mai nama da mai kayan miya buɗe asusu. Manhajojin manyan bankuna suka durƙushe a lokacin, OPay da PalmPay da Moniepoint suka kwashe kasuwar saboda kuɗi na shiga nan take. Yau da wuya ka ga tebur a Kasuwar Singa ko Sabon Gari da babu lambar asusu a manne. Amma a Afrilun 2024 Babban Banki ya hana waɗannan kamfanoni ɗaukar sababbin masu asusu na fiye da wata ɗaya, kuma daga Disambar shekarar aka fara cire harajin Naira 50 a kan duk turin da ya kai Naira 10,000 a manhajojinsu, kamar yadda ake yi a bankuna. Naira 50 ba ta da yawa a ido, sai dai ga mai POS da ribarsa a ciniki ɗaya ba ta wuce ɗari ko ɗari biyu ba.

Inda na fi ganin hatsari, kuma aka fi yin sakaci, shi ne layin waya. Ga mafi yawan masu wannan sana'a, lamba ɗaya ce shago, ita ce asusu, ita ce littafin bashi, ita ce jerin abokan ciniki na shekaru. Waɗanda aka rufe wa layi a rikicin haɗa shi da lambar NIN, wanda aka fara a Disambar 2020 aka kai ƙarshensa a Satumbar 2024, sun san ma'anar wannan. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani na sake sayar da shi ga wani. Ga kuma masu kira su ce daga wata ƙungiya suke, a karanto musu lambobi shida da suka shigo waya. Da zarar an karanta, WhatsApp ya koma hannunsu, su shiga karɓar kuɗi da sunan mai shi. Wanda gobara ta cinye wa shago a kasuwa yana da ƙungiya, yana da maƙwabta da za su shaide shi, wani lokaci gwamna ma ya zo jaje. Wanda aka ƙwace wa shafi sai dai ya cika fom da Turanci, ya jira amsa daga na'ura.

Ta ɓangaren mai saye ma haka ne. A kasuwar gargajiya amana tana da masu tsaron ta: shugaban layi, sarkin kasuwa, maigidan da ya tsaya wa yaronsa. A waya babu ko ɗaya. Mai saye na tsoron ya tura kuɗi a toshe shi, mai sayarwa na tsoron alat na bogi. Dokar kare masu sayayya ta 2018 tana nan, akwai kuma kotunan ƙananan ƙararraki a Kano da wasu jihohi, amma wa zai shigar da ƙara kan Naira dubu ashirin a kan mutumin da bai san sunansa na gaskiya ba? Wannan giɓin ne 'yan damfara ke shiga. MMM ta tafi da kuɗin mutane a ƙarshen 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025, kuma dukkansu ta bakin 'yan uwa da abokai suka yaɗu, a guruf ɗin da ake tallar atamfa da gaisuwar Juma'a.

Ma'aikatan gwamnati na da nasu kason a wannan magana. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa a ofisoshi da yawa akwai mai sayar da takalma, da mai turare, da mai data, domin mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ba ya kai wata. Sai dai Kundin Tsarin Mulki na 1999, a sashen ɗa'ar ma'aikata, ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na ƙashin kansa in ba noma ba. Kowa ya kau da kai, har ranar da aka so a kama wani. Ko dai a gyara dokar ta dace da zamani, ko a biya albashin da zai sa ta yi ma'ana. A halin yanzu wannan ma wani dalili ne da ke sa dubban masu sana'ar ba za su yi rajista da sunansu ba.

Akwai abin da ɗan kasuwa zai iya yi tun yau ba tare da ya jira kowa ba. Ya kwafe lambobin abokan cinikinsa da bashin da yake bi a littafi na takarda. Ya kunna makullin sirri na biyu a WhatsApp, wanda ba ya cin minti biyu. Ya raba asusun sana'a da na cefane, kada kuma ya saki kaya don an nuna masa hoton rasit, sai ya ga kuɗin a nasa asusun. Wanda ya ɗan yi ƙarfi ya yi rajistar sunan kasuwanci a Hukumar CAC, domin takardar ce za ta tsaya masa ranar da banki ko kamfani ya ce ya kawo shaida.

Sauran aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Kwari da Singa da Farm Centre sun san yadda ake zuwa gidan gwamnati idan aka taɓa kuɗin haya ko aka gina shaguna a kan hanyar ruwa. Har yanzu ba su ɗauki sabis da data a matsayin irin wannan batu ba, alhali rabin cinikin wasu 'ya'yansu ta nan yake bi. Shirin ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi alƙawarin intanet mai sauri za ta kai kashi 70 cikin 100, aka tsaya a wajen rabi, kuma karkarar Arewa ce ta fi zama a baya. Ministan Sadarwa Bosun Tijani na maganar shimfiɗa wayar intanet mai tsawon kilomita 90,000. Ko za ta biyo ta garuruwanmu, wannan ya danganta da abin da jihohi ke karɓa kafin su bari a haƙa ramin. Tun 2020 gwamnoni suka amince kada kuɗin ya wuce Naira 145 a kan kowace mita, Kaduna ma ta yafe shi gaba ɗaya a shekarar. Ya kamata shugabannin kasuwa su tambayi kwamishinonin jihohinsu nawa ake karɓa yau, a kuma ba su amsar a rubuce.