A Gargaɗi Majinyaci Kafin Ya Koma Faskari

Sankarar furostet, wato ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ita ce ta fi kowace sankara kama maza a Nijeriya, kuma yawancinsu ba su zuwa asibiti sai ta ci jiki. Tun 1941 da Charles Huggins ya nuna a Amurka cewa cutar tana lafawa in an rage sinadarin mazakuta, likitoci suke bin wannan hanya. A da sai an cire 'ya'yan maraina. Yanzu akwai allurai irin su Zoladex, waɗanda ake yi wata-wata ko bayan wata 3. Amfaninsu ba abin musu ba ne.

Amma fa akwai wani haɗari da ba kasafai yake aukuwa ba, saboda haka ba kasafai ake faɗarsa ba. Allurar tana aiki ne a kan wani ɗan ƙulli kamar ƙwayar wake a gindin ƙwaƙwalwa, wanda likitoci ke kira fituwitari. Wasu dattawa suna da ƙari a wurin ba su sani ba. In allurar farko ta zaburar da shi, jini yana iya ɓallewa cikin ƙarin, ya kumbura, ya danne jijiyoyin ido. Cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki sai ciwon kai mai tsanani ya faɗo farat ɗaya, ga amai, ga gani biyu-biyu, fatar ido ta rufe, wani ma ya suma.

Likitan da ke Asibitin Koyarwa na Shika ko na Katsina ya san wannan. To, amma tsohon malamin makaranta da aka yi wa allura da hantsi, ya kwana a Faskari, ko Sabuwa, ko Ƙanƙara fa? Iyalinsa za su ce zazzaɓin cizon sauro ne, ko hawan jini, wasu ma su ce iska ce. Ga shi tafiyar dare a yankin ba abin wasa ba ce tun da 'yan bindiga suka addabe shi. Alhali kuwa allurar haidirokotizon, mai araha, ita ce ke riƙe rai kafin a kai ga hoton ƙwaƙwalwa, da tiyata in ta kama.

Lalle ne Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Katsina ta sa baki. Duk wanda za a yi wa allurar farko, a ba shi kati da alamun nan rubuce da Hausa, boko da ajami, a kuma karanta wa ɗansa ko matarsa. Wanda gidansa ke nesa, a shawarce shi ya yi 'yan kwanaki kusa da asibiti. Babban Asibitin Funtuwa da sauran asibitocin yankin kuwa, kada haidirokotizon ya yanke a ɗakin gaggawa, ma'aikatan dare kuma su riƙa tambayar dattijon da ya zo da irin wannan ciwon kai wace allura aka yi masa a makon nan.