Miya Ba Nama Ba Abin Kunya Ba Ce

Daga Wakilinmu

A ƙasar Sindi, watau lardin nan na kudu maso gabashin Pakistan wanda Karachi ke babban birninsa, da kuma cikin gidajen Sindawa da ke warwatse a Indiya da sauran sassan duniya, akwai wata miyar ganye da ake kira sayi-baji. Ba nama a cikinta, ba kifi, ba ko ƙashi. Duk da haka attajirin Basinde mai kantuna a Dubai ko Legas ba ya jin nauyin a kawo ta gaban baƙinsa, kai ita ce ma abin da yake marmari idan ya daɗe rabonsa da gida. Wannan al'amari ya isa a tsaya a yi tunani a kansa, musamman ga ma'aikacin gwamnati wanda albashinsa ke ƙarewa tun wata bai raba ba, da ɗan makaranta wanda gobe shi zai riƙe gida. Ra'ayina shi ne, girkin yau da kullum na gidajen Sindawa ya nuna a fili cewa darajar abinci tana ga gwanintar mai dafa shi da amfaninsa ga jiki, kuma mutanen da suka gane haka sun fi saurin miƙewa idan zamani ya kayar da su.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya san cewa ba dukan Sindawa ne suka bar cin nama ba. Galibin mutanen lardin Musulmi ne, gama tun wajen shekarar 712 rundunar Muhammadu ɗan Ƙasimu ta ci ƙasar, kuma sun shahara da dafa shinkafa da nama da kuma wani kifin kogin Indus da suke kira palla. Ko cikin mabiya addinin Hindu daga cikinsu akwai masu cin nama da kifi da yawa. Amma akwai gidajen da nama ba ya shiga ko kaɗan, akwai kuma waɗanda sukan bar shi a wasu ranaku ko watanni saboda ibadarsu. Abin da ya haɗa su duka shi ne, abincin da ake ci ran Litinin da Talata, ba na biki ba, ya dogara ne ga hatsi da wake da ganye.

Yanayin ƙasar ne ya koya musu haka. Sindi ƙasa ce mai tsananin zafi da ƙarancin ruwan sama, har a garin Jacobabad zafi yakan wuce digiri 50 a ma'auni. Kogin Indus ne ransu, shi ya ratsa lardin daga arewa zuwa teku, kuma tun da aka gama madatsar ruwa ta Sukkur cikin 1932 noman alkama da shinkafa da auduga ya bunƙasa. Daga gabas kuwa sai hamadar Tar, inda gero ne abincin talaka. Da garin gero ko na dawa matan karkara suke yin wata gurasa mai kauri, su daddaɓe ta da tafin hannu su gasa a kasko, su sa mata barkono da tafarnuwa ko man shanu. Sunanta dodo, amma ba irin dodon da ake tsorata yaranmu da shi ba ne. Abin sha'awa a nan shi ne, masu binciken tarihin tsirrai sun tabbatar cewa gero da dawa 'yan asalin Afirka ne, a yankin Sahel aka fara noma su, sa'an nan suka ƙetara teku zuwa can fiye da shekara 3,000 da suka wuce. Shi kuwa zogale, daga wancan yanki ya zo mana. Mu ganyensa muke kwaɗawa, su kuwa furensa da 'ya'yansa suke dafawa. Ashe ke nan tukunyar da muke magana a kanta ba baƙuwa ba ce ƙwarai ga Bahaushe.

To, mu duba yadda ake yin sayi-baji, wadda ma'anar sunanta ita ce koren ganye. Uwargida takan jiƙa wani irin wake da suke kira cana, mai kama da gurjiya, wanda aka ɓare aka raba biyu. Sai ta soya albasa da citta da tafarnuwa da barkono cikin ɗan mai kaɗan, ta zuba waken, ta yanka duk abin da ya samu a kwandon cefane, ko dankalin Turawa ne, ko yalo, ko karas, ko kabewa, ta haɗa da tumatir. A bisa wannan take tula ganye iri uku ko huɗu: irin alayyafonsu, da ganyen hulba, da wani ganye mai ƙanshi, da wani mai tsami wanda aikinsa a tukunya ɗaya yake da na yakuwa. Ta sa kurkur da gishiri ta rufe, sai kome ya yi laushi, sa'an nan ta burge shi da maburgi har ya haɗe ya yi kauri. Akan ci da gurasa, ko kuwa da shinkafar da aka dafa da albasa wadda aka soya har ta yi ja. Tukunya ɗaya, wuta ɗaya, ga wake, ga ganye, ga kayan lambu.

Ta biyunta ita ce kadi, miyar da aka fi ji da ita ran Lahadi da lokacin bukukuwa. Maƙwabtansu na Panjab da Gujarat da nono suke yin tasu, amma Sindawa ba sa sa nono. Garin waken nan cana ake soyawa cikin mai tare da 'ya'yan hulba, ana juyawa a hankali har ya yi ja ya fara ƙanshi, sa'an nan a tsaida ruwa, a sa ruwan tsamiya da tumatir, a jefa kuɓewa da dankali da 'ya'yan zogale da ɗanyen wake, wani lokaci har da saiwar wani tsiron ruwa mai kama da bado. Ƙanshin da wani zai nema daga nama, ita uwargida daga suyar gari ta samo shi, kuma haƙurin tsayawa kan tukunya shi ne dukan kuɗin da ta kashe. Masu iya magana sun ce, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Har ila yau akwai koki, gurasar alkama mai kauri da ake kwaɓawa da yankakkiyar albasa da barkono da ganyen kusbara da ɗan mai, a gasa ta sannu a hankali. Takan kwana ba ta lalace ba, shi ya sa ta zama guzurin matafiyi da ɗan makaranta. Idan kuma gurasar jiya ta yi kwantai ba a zubar da ita, sai a gutsuttsura ta cikin miyar tumatir da tafarnuwa a dafa, ta zama abin karin kumallo mai suna seyal-mani, kamar dai yadda muke yi da ɗumame. Lokacin da kayan lambu suka yi araha kuma, mata sukan yanka su su shanya a kan soro, su ajiye don watannin da babu.

Ƙimar wannan ilmi ta fito fili ne cikin 1947. A watan Agusta na shekarar, da Ingila ta bar mulkin Indiya aka raba ƙasar biyu, an tsaga lardunan Panjab da Bengal tsakanin sababbin ƙasashen, amma Sindi gaba ɗayanta ta faɗa cikin Pakistan. Bayan tarzomar da aka yi a Karachi cikin Janairu 1948, dubban ɗaruruwan Sindawa mabiya Hindu suka bar gidajensu da gonakinsu da kantunansu, da yawa ta jirgin ruwa. Aka zuba wasunsu a tsohon barikin soja kusa da Bombai, wurin da ya zama garin Ulhasnagar. Ba su da jihar kansu a Indiya, ko harshensu ma sai cikin 1967 aka shigar da shi jerin harsunan da tsarin mulkin ƙasar ya amince da su. A cikin waɗannan sansanoni, matan da suka iya mayar da mudun wake da damin ganye abincin mutum goma su suka tsare iyalansu daga bara, wasu har suka riƙa yin abin marmari da kayan tsami suna sayarwa don a sami na sawa a baka. Yau jikokinsu da yawa ba su iya karanta Sindanci ba, amma kadi da koki suna nan a gidajensu. Ƙasa ta tafi, harshe yana neman tafiya, tukunya ce ta rage tana gaya wa yaro ko shi ɗan wane ne.

Mu ma ba mu rasa alaƙa da mutanen nan ba, gama fataken Haidarabad ta Sindi sun daɗe suna ciniki a Afirka ta Yamma, kuma kamfanin Chellarams da manyanmu suka sani, wanda ya fara kasuwanci a Nijeriya cikin 1923, na Sindawa ne. Mun sayi yadinsu shekara da shekaru, amma ba mu taɓa tambayar abin da suke ci a gida ba.

Wani zai ce, ai ciki kawai ake cikawa da irin wannan abinci, ba ya gina jiki. Ilmin abinci bai goyi bayan wannan magana ba. Sinadarin gina jiki da ke cikin hatsi yana da giɓi, wanda ke cikin wake shi ma yana da nasa giɓin, amma abin da wannan ya rasa wancan yana da shi, saboda haka idan aka haɗa su sai su cika juna. Ganye da wake suna ɗauke da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, kuma bitamin C da ke cikin tumatir da lemon tsami yana taimakon jiki ya karɓe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace kowace rana, abin da mai cin sayi-baji yake kusantar cikawa ba tare da ya taɓa jin labarin hukumar ba. Ba banza ba Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2016 ga dangin wake, ta kuma keɓe 2023 ga gero da danginsa.

Amma fa gaskiya ɗaya ce, girkin nan ba ya rasa aibi. Bitamin B12 ba a samunsa a ganye ko hatsi, sai a nama da kifi da ƙwai da madara, kuma rashinsa yana jawo ƙarancin jini da ciwon jijiya. Gidajen Sindawa da ba su cin nama suna dogara ne ga nono da madara, don haka wanda ya rage nama kada ya rage kindirmo, musamman mai ciki da yaro ƙarami. Bugu da ƙari, suna son suya ƙwarai. Shahararren karin kumallonsu dal-pakwan gurasa ce da ake soyawa cikin mai, haka kuma dankalin da suke ci da kadi sau biyu ake soya shi. Wannan ba abin koyi ba ne ga ma'aikacin da ke yini zaune a ofis.

Wani kuma zai ce, Allah ya halatta mana nama, don me za mu yi koyi da masu haramta wa kansu? Amsa ita ce, ba wanda ya ce a haramta halal. Wanda Allah ya hore masa ya yanka ragonsa ya ci ya gode. Maganar da muke yi ita ce ta ranar da babu, kuma ranakun nan sun yi yawa tun bayan da aka janye tallafin man fetur cikin Mayu 2023, har hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Albashi mafi ƙanƙanta da aka sa wa hannu a watan Yuli na shekarar naira 70,000 ne. Magidancin da ke ɗaukar irin wannan, idan ya dage sai an ga tsoka a kwanonsa kowace rana don kada maƙwabta su ce gidansa lami ake ci, to kuɗin wake da ganye da nonon yara ne zai tafi ga 'yar tsokar da ba za ta ishi kowa ba. Nan ne bambancin yake. Basinde ya ba miyar ganyensa suna da daraja, yana kai ta gaban baƙo da alfahari, mu kuwa mun sa wa tamu sunan raini, alhali muna da miyar taushe da ta kuka da ta zogale, da fate da dambu da ɗanwake da alale, ga daddawa wadda ta isa ta tsaya a madadin nama wajen ɗanɗano.

Saboda haka ba kira nake yi a je a nemo waken cana daga Karachi ba, gama zanen aro ba ya rufe katara. Abin da ya kamata mu ɗauka shi ne halin. Ya kyautu ma'aikatun ilmi su duba abincin makarantun kwana, su tabbata wake da ganye suna shiga tukunya a kai a kai, su kuma mai da darasin girki abin da yara maza da mata za su koya da kayan da ke kasuwar garinsu. Ma'aikatan lafiya da gidajen rediyo su yawaita bayani a kan haɗa hatsi da wake da nono. Ɗalibanmu na jami'a kuwa, su zauna da iyayensu mata da kakanninsu su rubuta yadda ake yin miyar gargajiya da yadda ake shanya kuɓewa da kauɗa da ganye, tun masu sanin suna raye, kamar yadda 'ya'yan Sindawa suka shiga rubuta girkin iyayensu da suka ga yana neman ɓacewa.

Magidanci kuma ya daina shigowa gida da sunkuyayyen kai don bai biya ta wurin mahauci ba, ita ma uwargida ta daina ba baƙo haƙuri a kan miyar da ta ɓata awa biyu tana gyarawa. Allah ya sa wa abincinmu albarka, ya kuma ba shugabanninmu ikon sauƙaƙa wa talakawa tsadar rayuwa, amin.