SULKE MUKE SO, BA LAYA BA!

Ya ku talakawan Gidan Sori da Tsibiri da Gidan Runji, ku kasa kunne.

Kakanninmu Gobirawa da Katsinawan Maraɗi suna da layu da guraye, amma barde ba ya fita daga sai an ɗaura wa dokinsa lifidi, shi kuma ya sa sulke da kwalkwali. Sarki ne ke ba shi, don ya san darajar ran bardensa. Wannan kaya na tare kibiya da mashi ne. Da Nasara ya kawo bindiga mai ruwa Sakkwato a 1903, lifidi bai hana komai ba.

A 2019 'yan bindiga sun koro mutane fiye da 40,000 daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi, mu ne muka sauke su. Ɓarayin kuma suka biyo sawu, suna kore shanu, suna sace mutane don fansa. To, yaron da za a tura ya tare su a dajin iyaka, me ke ƙirjinsa? Boka ya karɓi akuyar uwarsa ya ba shi maganin bindiga! Ku tambayi bokan ya tsaya a gwada a jikinsa, ku ga gudu.

Sulken zamani akwai shi. Tun 1965 aka gano zaren Kevlar a Amurka, ana saƙa riga da shi. Amma kada a ruɗe mu: rigar ita kaɗai harsashin ƙaramar bindiga take tarewa. Harsashin Kalashnikov sai an sa faranti na ƙarfe ko na tangaran mai tauri, gaba da baya. Nakiyar da aka binne a hanya kuwa, sai mota mai sulke.

Za su ce da tsada. Ashe? Binciken da aka yi a 2020 ya nuna sefa miliyar 76 sun salwanta wajen sayen kayan soja daga 2014 zuwa 2019. A Disamba 2019 muka rasa soja 71 a Inates, a Janairu 2020 kuma 89 a Shinagodar. Riguna nawa wannan kuɗi zai saya?

Muna neman a ba kowane soja da jandarma da ke tsaron iyakar Maraɗi riga mai faranti da hular kwano, a kuma karanta lissafin kuɗinsu a rediyo da Hausa, kowa ya ji.