«Kar ka taɓa wuta» ba darasi ba ne

Duk abin da ake koya wa yaro game da wuta a gidajenmu kalma huɗu ne: kar ka taɓa wuta. In ya taɓa, mari. An gama karatu ke nan. Amma shi wannan yaron ne ake miƙa wa fasasshen kasko da safe a ce ya je maƙwabta ya ɗebo garwashi, ya ratso tsakanin dangar zana da rumbun hatsi, iskar hunturu na kaɗawa. Yayarsa mai shekara tara ita ke tsaron mai a kan murhu in inna ta tada salla. Shi ake aika da kwalba wajen ƴan ruwa-ruwa ya sayo man babur, a kuma ajiye kwalbar a ɗakin da yake kwana. Mun hana su da baki, mun miƙa musu da hannu.

Ran 13 ga Afrilu 2021 yara kimanin 20 suka ƙone a azuzuwan zana na unguwar Pays-Bas a Yamai. Ran 8 ga Nuwamba na shekarar, a Maraɗi, aƙalla 25. Kowa ya zagi hukuma, kuma ta ci zagin. To amma da aka gama zaman makoki, gida nawa aka tara yara aka nuna musu ta inda za su fita in wuta ta tashi? Ai zanar da ta ci lakol ita ce dai a rumfar tsakar gidanmu.

Za a ce ƙaddara ce. Yo wa ya musa? Sai dai Annabin da ya koya mana yarda da ƙaddara, tsira da aminci su tabbata a gare shi, shi ne ya yi umarni a kashe wuta kafin a kwanta. Mai kulle yara a ɗaki da kaskon gawayi don sanyi, ya tafi hira da makulli a aljihu, ba tawakkali ya yi ba, ganganci ya yi. Gawayi a rufaffen ɗaki ko bai kama komai ba yana fitar da iskar guba wadda ba ta da wari, yaro ya kwanta lafiya, a tashe shi ya ƙi tashi.

Wasu kuma su ce kar a tsorata yara. Wallahi tsoro mun riga mun ba su, ilimin ne muka riƙe. Yaron da ya saba shan duka kan ashana, ran da katifa ta kama ba zai yi kuwwa ba. Zai shige ƙarƙashin gado, don ya fi tsoron bulalar baba da hayaƙi. Nan ake tarar da su. Abu na farko da ya kamata ya ji daga bakinmu: in wuta ta tashi, ko kai ka kunna ta, ka fita ka yi ihu, ba wanda zai taɓa ka.

Sauran ba ya bukatar takardar jami'a. In hijabi ko riga ta kama, ba a gudu, gudu hura ta yake: a faɗi ƙasa a yi birgima. In mai ya kama a tukunya ba a watsa ruwa, a rufe da murfin ƙarfe. Man babur kuwa rairayi ake zuba masa, ruwa yaɗa shi yake. In hayaƙi ya cika ɗaki a yi rarrafe, iska mai kyau tana ƙasa. In an ji warin gaz kar a ƙyasta ashana, kar a kunna fitila, a buɗe ƙofa. Ƙuna, ruwan sanyi za a yi ta zubawa kamar minti 20 sannan a tafi likita, ba man goge baki ba, ba ƙwai ba, ba gishiri ba. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce.

Ƴan uwa ɗalibai, mu da muke raba dare a fada muna gyara duniya a kan shayi, mu ne yayyen waɗannan yara, kuma sun fi jin maganarmu da ta baba. Wannan hutun ku tara su a tsakar gida, ku sa su birgima cikin rairayi har su yi dariya, ku tambaye su lambar nan har su haddace. Sannan ku ɗauke kwalbar man nan daga ƙarƙashin gado, ko da baba zai yi faɗa.