Masu Kiwon Zomo Na Zangon Kwatano: Mu Je Baje Koli, Amma Da Sharaɗi

Duk lokacin da aka kira taron baje kolin noma da kiwo na ƙasa, masu kiwon zomo na Zangon Kwatano sukan rabu gida biyu. Wasu su ce asarar kuɗin mota ce, wasu kuma su cusa zomaye a kwali, su hau zemijan ba wani shiri. Ni malamin makaranta ne, ina kuma da 'yan kejina a bayan gida nan wajen Placodji, kuma a ganina duka ɓangarorin biyu da gyara.

Ga masu zaman gida, Bahaushe ya riga ya ce zomo ba ya kamuwa daga zaune. Zomanya kwana 31 take yi da ciki, ta haifi shida zuwa takwas. Saurin nan shi ne ribar, shi ne kuma tarkon. In shekara uku namiji ɗaya ke hawan 'ya'yansa da jikokinsa, sai ka ga haihuwa ta ragu, 'ya'yan sun tsumbure. Sabon jini kuwa sai an fita ake samunsa. A wurin taro ne za ka ɗaga zomon wani, ka ji nauyinsa, ka tambayi me yake ci da watansa nawa. A Amurka ƙungiyar ARBA kan tara dubban zomaye duk shekara, alƙalai suna duba kowanne suna faɗin aibinsa a gaban mai shi. Wannan ai makaranta ce.

Mu ma ba mu rasa wurin koyo ba. Ga cibiyar CECURI a jami'ar Abomey-Calavi, wadda aikinta binciken kiwon zomo ne. Ga cibiyar Songhai a Porto-Novo tun 1985. Dukkansu nan kusa suke, amma mu nawa ne daga Zango muka taɓa leƙawa?

Sai dai masu gaggawar tafiya su saurara. Akwai cutar zubar jini ta zomaye, wadda ake kira VHD. A ƙasar Sin ta fara bayyana a 1984, ta shigo Benin a 1995 ta yi mummunar ɓarna. Sabon nau'inta ya ɓulla a Faransa a 2010, ya kuma kashe zomaye a Najeriya a 2020. Ba ta da magani. Zomo na cin ciyawa da safe, kafin gobe ya mutu, wani lokaci da jini a hanci. Ƙwayar cutar kan yi watanni a jikin keji, takan kuma bi takalmi da riga. To, ina ya fi mata daɗin yaɗuwa kamar inda aka tara zomayen gari goma a rumfa ɗaya?

Saboda haka ga sharaɗin. A yi wa zomo allurar rigakafi wurin likitan dabbobi, sati biyu ko fiye kafin tafiya. A kama hanya da asuba, a keji mai iska, don zomo ba ya jure zafi, rana ɗaya a cunkoson Dantokpa ta isa ta kashe shi. In an dawo, wanda aka kai da wanda aka sayo duk a ware su wata guda, nesa da sauran. A wanke keji da takalmi da jabel.

Wani zai ce wannan ɗawainiya ta fi ƙarfin mai zomo goma. Gaskiya ne, in shi kaɗai ne. Amma in mu biyar muka haɗa kuɗin kwalbar allura da na mota, muka tura mutum biyu, nauyin ya zo da sauƙi. Masu shirya taron su ma su daina karɓar zomon da ba shi da takardar rigakafi, ko na waye.

Galibin kejin nan na Zango kuɗin makarantar yara ne da cefanen iyaye mata. Bai kamata mutum ya je neman iri mai kyau ya dawo wa unguwa da annoba ba.