A Ajiye Gatari a Ƙofar Maƙabarta

Akwai wata ɗabi'a da ta samu gindin zama a garuruwanmu na kwarin Gulbin Maraɗi, tun daga Safo har zuwa Madarunfa, wadda ake yi wa kirari da aikin lada alhali ɓarna ce. Da zarar kaka ta wuce, ciyawa ta bushe, sai a yi shelar gayyar sharar maƙabarta. Samari su fito da adda da gatari, a sassabe sabara da kalgo, a datse magarya, a tara a kyasta ashana. Kafin azahar wuri ya koma fili fetal, toka na tashi bisa kusheyin iyaye, kowa ya koma gida yana ganin ya yi abin kirki. Niyyar mai kyau ce, amma garin neman gira ake rasa ido.

Mai son ganin irin itatuwan da ƙasar nan take da su kafin gona ta haɗe da gona, tsohuwar maƙabarta ita ce wurin dubawa. Garma ba ta shiga can, mai neman itacen girki yana jin nauyin wurin, shi ya sa kanya da tsamiya da aduwa da suka yi wuyar gani a karkara suke samun tsufa a cikinta. Kowace kuma da lokacinta. Kuka takan tsaya tsirara duk rani, sai damina ta gabato ta yi tofo. Gawo ya saɓa wa kowa: yakan zubar da ganye da damina, ya yi kore shar lokacin da sauran suka bushe. Magarya tana nuna da ɗari, aduwa kuwa tana riƙe da korenta a tsakiyar bazara. Malamin da ke koyar da yanayin shekara da alli a jikin allo yana da wannan darasi a raye a bayan gari, ga shi ana ƙone masa shi kowace shekara.

Masu gayyar suna da hujjoji, kuma ya kamata a amsa su ɗaya bayan ɗaya. Sun ce duhuwa maɓoyar macizai ce da ɓata-gari. Gaskiya ne, sai dai maganin duhuwa shi ne a rage rassan ƙasa, a nome ciyawa da hauya, a fitar da hanyoyi, yadda mai tsaye a ƙofa zai hango ƙarshen wuri. Wuta ba ta bambanta ƙaya da ɗan tsiron tsamiya, kuma ba kowa zai so a hura ta bisa kan mahaifinsa ba. Sun ce saiwa tana taɓa mamaci, har akwai malaman da suka ƙi a dasa itace bisa kabari saboda haka. Wannan magana abar girmamawa ce, kuma iyakarta kan kabari. Gefen shinge da bakin hanya da filin da ba a kai ga haƙa ba, ba su shiga ciki ba. Wasu kuma tsoron camfi suke yi, wai tsamiya gidan iskoki ce. Camfi a zuciya yake, wa'azi ke fitar da shi. Kada a manta da ganyen magarya ake wanke gawa, kuma Buhari ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsaga ɗanyen reshen dabino ya kafa bisa kaburbura biyu.

Akwai kuma hujjar da ta fi kowace nauyi, wadda ta juya kan masu saran. Ba a rufe kabari a nan sai an jera itace a bakin ƙaramin rami kafin a zuba ƙasa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan jana'iza ya san yadda itacen nan ya yi tsada, ya san ana jiran sa wani lokaci gawa na ajiye. Maƙabartar da ake yi wa aski da hankali tana ba da nata rassan shekara bayan shekara. Wadda aka ƙone kuwa sai an saya mata daga amalanke, abin da ke nufin wani daji ne, irin na Baban Rafi, zai biya.

Idan an gama saran, sai a jira 3 ga Agusta, ranar da ake dashen itace a Nijar tun 1975, a kawo bedi a jera, a ɗauki hoto. Bedi baƙo ne daga Indiya, ya yi mana rana, ya ba titunan Maraɗi inuwa. Amma maƙabartar da ba ta da komai sai bedi ta yi asarar irinta, kuma dashen da ba mai ba shi ruwa rabon awaki ne. Abin takaicin shi ne a jihar nan aka nuna wa duniya hanya mafi sauƙi. A 1983 Toni Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aiki a Maraɗi, ya lura cewa kututturan da ake sarewa a gonaki suna da saiwa mai rai. Manoma suka riƙa zaɓen tsiro mai ƙarfi suna rage sauran, aikin da aka sa wa suna sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 suka farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Manomin da ya iya wannan a gonarsa, me zai sa ya manta da shi a ƙofar maƙabarta?

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane darajar irin wannan wuri. Maƙabartar Per Lashez ta birnin Paris, wadda aka buɗe a 1804, da ta Mawunt Oban a Amurka, ta 1831, lambuna ne da ake kula da itatuwansu kamar yadda ake kula da kaburburansu. Ba gine-ginensu muke so ba, addininmu ya hore mu da kabari marar ado. Mu ma muna da namu: a 2006 Nijar ta sa dajin Madarunfa da tafkinsa da kusheyin waliyyai 99 cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. Daji da ruwa da kushewa aka haɗa a suna guda, domin a nan ba su rabuwa.

Saboda haka, ya ku malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu, aikin yana hannunku. Ku zauna da liman da mai gari da masu haƙar kabari kafin gayya ta gaba, a yi yarjejeniya cewa ba wuta. Ku zaga da dattawa a rubuta sunan kowace itaciya da kowane tsiro da ke ciki, a sa wa manyan alama don kada gatari ya kusance su. A kewaye wurin da aguwa, wadda ake kafa reshenta ya kama kuma awaki ba sa cin ta. Dattawan su tsinto 'ya'yan kanya da tsamiya da aduwa su miƙa wa makarantu a rena, in sun yi ƙwari a mayar da wasu gefen shingen. Wannan bai buƙatar kuɗin wata ƙungiyar waje, hauya da wuƙa da littafin rubutu sun isa, muddin an yi magana kafin a yi shelar sharar bana.